Ba Shan Inna Ba Ne

Duk wanda ya tambaye ni abin da ya mai da Barakatu marubuciya, nakan ce masa ya dubi hannunta na dama. In ya duba bai gane ba, to ya ja kujera ya zauna, don ni Kyauta ban iya gajeren bayani ba. Wannan magana kuwa shekara talatin da uku ina haɗiye ta, yanzu da ta samu hanyar fita ba mai tsayar da ni.

Barakatu ɗiyar kawuna ce, Malam Sabo mai ɗori na Aliero. Uwata ƙanwarsa ce, aka kai ta aure Karaye ta ƙasar Maiyama, can aka haife ni. Ka ga ni da Barakatu taubasai ne, tun muna yara ba abin da ba mu faɗa wa juna. Ni ina ce mata Hajiya Hagu, ita tana ce mini Bakin Ganga. Yau duk muna zaune a Sabon Garin Jega, ita tana koyar da 'yan aji biyu a wata firamare, ni ina sayar da kayan miya a kasuwa. Na girme ta da shekara biyu, ko da yake in ka tambaye ta cewa za ta yi uku ne, wai ina rage wa kaina.

Gidan Kawu gidan ɗori ne tun kaka da kakanni. Da muna yara, in za ka shiga zauren sai ka tsallake mutane: direban da mota ta faɗi da shi, Bafulatanin da sa ya tunkuya, matar da ta zame a bakin rijiya. Wasu daga Kudu, wasu daga ƙetaren iyaka, har da waɗanda ba sa jin Hausa sai a yi da hannu. Kawu zai zauna a kan buzu, ya lumshe ido, ya bi ƙashi da yatsa har ya gano inda ya rabu, ya ja, ya haɗa, ya shafa man shanu, ya jera karan ɗori ya naɗe da ƙyalle, ya yi tofi. Ba zan ci haƙƙinsa ba, mutumin nan Allah ya ba shi hannu. Na ga waɗanda aka shigo da su a kan ƙyaure sun fita da ƙafarsu.

Amma gidan yana da doka guda da ba a wasa da ita: hannun da ya ɗaura shi ke kwancewa. Ɗorin da Kawu ya yi, ko ƙanensa na ciki ɗaya ba ya taɓa shi, balle mace. Sun ce in wani hannu ya shiga, albarkar tofin ta tashi, ƙashi ba zai kama ba. Dokar tana da dalilinta, don majinyaci in ƙaiƙayi ya dame shi yakan lallaɓa ya sassauta ƙyallen ya ɓata aiki. Sai dai wanda ya kafa ta bai yi tunanin ranar da mai hannun zai yi tafiya ba.

Barakatu na da shekara bakwai, ni tara, aka kai ni Aliero hutu lokacin cirar albasa. Muka bi jakai zuwa fadama, a dawowa muka ɗare kan buhuna, jakin ya yi tuntuɓe, ta faɗo a kan hannunta na dama. Da kunnena na ji ƙarar ƙashin. Kawu ya yi mata ɗori da hantsi a tsakar gida, yana tsokanarta yana cewa jarumar gida ba ta kuka. Bai gama wanke hannu ba sai ga wani mutum a kan babur: babbar mota ta kife kusa da Maiyama cike da 'yan kasuwa, ana neman sa maza-maza. Ya rataya jakarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa matarsa, Inna Gudiya, uwar Barakatu, "Kada kowa ya taɓa shi sai na komo."

Washegari yatsun yarinyar nan sun kumbura sun yi baƙi kamar ɗinya. Ta daina kuka, sai nishi da zazzaɓi. Inna Gudiya tana zaune a gabanta tana yi mata fifita, hawaye na zuba, hannunta na kaiwa ga ƙullin ƙyallen yana dawowa. Ni da bakina da bai san shiru ba na ce, "Inna, a kwance mata mana."

Ta ce, "Hannun da yaɗ ɗaura shi ka kwancewa, ɗiyata."

Na je madafa na ɗauko wuƙar yankan kuɓewa zan yanke da kaina. Wata tsohuwar gidan ta fizge ta, ta kwaɗa mini marin da har yau in na tuna sai kuncina ya yi zafi. A ranar aka sa ni a mota aka mai da ni Karaye, wai ina tayar wa mutane hankali. Lokacin babu waya, an dai aika mutum Maiyama neman Kawu, aka ce ya bi masu rauni wani ƙauye.

Ban sake ganin Barakatu ba sai da Sallah. Hannun ya ƙanjame tun daga gwiwa, yatsu sun naɗe cikin tafi ba sa buɗewa. Kafin in buɗe baki uwata ta ja ni bayan rumbu ta murɗe mini kunne ta ce, "Shan inna ne, kin ji ko? Duk wanda ya tambaye ki, shan inna ne." Na ce ai na ga jakin, na ga ɗorin. Ta ƙara murɗawa. Daga baya na gane lissafinsu: mai ɗorin da ya nakasa ɗiyar cikinsa, wa zai kawo masa ɗansa? Gidan nan da abin da ake ci a cikinsa duk a kan sunan Kawu suke tsaye. Aka zaɓi sunan, aka jingina wa inna laifin da ba ta yi ba.

Ni ma na faɗi ƙaryar nan, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, kuma na faɗa mata na nemi gafararta.

Haka ta taso da hagu. Ka san mutanenmu da hagu. Ta miƙa wa babba abu, a ce ba ta da ladabi. Ta sa hannu a kwanon taro, wata ta yamutsa fuska ta janye nata. A firamare wani malami ya yi ta dukan hagun nan da rula wai sai ta riƙe fensir da dama, har ranar da ta zare damar daga cikin hijabi ta ajiye masa a kan tebur ta ce ya sa mata fensirin da kansa. Bai ƙara ba. Ita kuwa rubutun hagun nan nata, wallahi ya fi na masu hannu biyu kyau, a miƙe yake tsaf. Ta yi sakandare, ta yi makarantar horon malamai, ta auri Tukur mahauci na kasuwar Jega. Da ya je neman aurenta aka ce masa ya sani fa tana da hannu guda, ya ce shi wuƙa ɗaya yake aiki da ita kuma bai taɓa kwana da yunwa ba. 'Ya'yansu huɗu yanzu.

Duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa ɗaga maganar a gidansu ba. Abu ɗaya ta taɓa faɗa mini muna tsinke zogale: Baba ya taɓa hannun mutum dubu, amma tun ranar da ya kwance nata bai sake taɓa shi ba, ko gaisawa za su yi sai ya kau da kai ya dubi bango. Inna Gudiya kuwa sai da ciwon ajali ya kama ta sannan ta riƙe hannun ta yi kuka, ta ce kwana uku Kawu ya yi a Maiyama, kwana uku tana kallon ƙullin nan ta kasa. Ita kaɗai ce a gidan ta taɓa furta gaskiyar, ita ma a ɗaki, ba kowa sai su biyu.

Shekara uku da suka wuce muka je Aliero gaida Kawu, wata Asabar. Ya tsufa, idanunsa sun tafi, aikin ɗori ya koma hannun Muntari, ƙanen Barakatu. Muntari yana da shekara uku lokacin faɗuwar jakin nan, bai san komai ba sai abin da aka gaya masa. Ya iya aikin, ba laifi, amma yana haɗawa da fataucin albasa, kuma a makon nan ya bi mota Kudu da kaya.

Muna shiga cikin gida muka tarar da mata sun kewaye wata baƙuwa daga Jiga Makera, Bushra, tana rungume da ɗiyarta Umaima, 'yar shekara shida. Muntari ya yi wa yarinyar ɗori a hannu jiya da safe ya tafi. An kira wayarsa ba ta shiga. Na leƙa na ga yatsun sun yi baƙi, irin baƙin nan da na sani. Matan kuma suna ta sannu, Allah ya sawwaƙe, a yi haƙuri ya kusa dawowa. Wata har ta buɗe baki ta faɗi dokar nan ta gidan, da murya irin ta mai tuna wa mutane farilla.

Barakatu ta miƙe. Ta shiga ɗakin matar Muntari ta fito da almakashi, ta durƙusa ta dube ni ta ce, "Bakin Ganga, riƙe min hannun, kada ya motsa." Na riƙe. Ta bi ƙyallen nan da hagu ta yanke shi tas, mata na salati suna ja da baya. Ta bar karan a ƙarƙashin hannun ya tallafi ƙashin, muka sa uwa da ɗiya a Keke muka kai su asibiti. Allah ya taimaka ba a makara ba. Umaima yanzu tana aji huɗu, da damarta take rubutu.

Da Muntari ya dawo ya aiko a kira mu. Muka tarar da shi a zaure yana huci, Kawu na gefe a kan buzunsa yana jan carbi.

Muntari ya ce, "Yaya, mace ta kwance ɗorin gidanga? Tun kakanninmu ba a taɓa yi ba. Wa yab ba ki wanga ilimi?"

Barakatu ta zare hannun daga mayafi ta ɗaga masa. "Wanga yab ba ni."

Ya dubi hannun ya ce, "Wanga ai shan inna na, kowa ya sani."

Abin da ya tsaya mini a rai, ba ƙarya yake yi ba. Da gaske ya yarda. Ƙaryar da aka shuka don a tsare sunan gida ta girma har magajin gidan ya ɗauke ta gaskiya, ta kusa cin hannun ɗiyar wasu. Na tashi na ce ni ina wurin, na ga jakin, na ga ɗorin, na sha mari a kai. Ya yi tsaki ya ce ke Kyauta komai naki wasa ne, yau ba ranar taubasantaka ba ce. Ka ji fa. Don ina taubashiyarsa, shaidata ma ta zama barkwanci.

Barakatu ta juya wajen ubanta ta ce, "Baba, shan inna na?"

Kawu ya ci gaba da jan carbi. Muka jira, muka jira. Ba abin da muke ji sai ƙarar 'ya'yan carbin nan, har ta gyara mayafinta ta ce mu tafi.

A mota muna komawa Jega, mun matsu tsakanin buhunan albasa har muka kusa shiga gari. Sannan ta ce, "Kyauta, maganar baki in an so sai a ce ba a yi ta ba. Inna ta faɗa, ta tafi da ita kabari. Ke kin faɗa, an ce wasa ne. Ni na tambaya, an ba ni carbi. To zan ajiye ta inda ba mai iya cewa ba a faɗa ba." Muna sauka ta tsaya wurin mai littattafai ta sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta guda uku. Wannan shi ne mafarin rubutun Barakatu. Ba suna take nema ba, ba kuma wahayi aka yi mata ba, haushi ne tsagwaronsa, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Shekara ɗaya da rabi tana abu guda. In ta taso daga makaranta ta sauke tukunya, sai ta zauna a gindin darbejiyar gidansu, ta danne takarda da damar nan da aka ce ba ta da amfani, ta yi ta zuba rubutu da hagu. Tukur yakan leƙo ya ce shi dai kada a sa shi a ciki, in kuma an sa shi a ce dogo ne. Ranar hutu ta ja ni yawon ƙauyuka, Jiga Makera, Karaye da wasu, tana tambayar ko akwai mai hannu irin nata. Mun samu mutum biyar. Daga gidajen ɗori daban-daban suka fito, amma labarin kusan ɗaya ne: an ɗaure, mai ɗori ya yi nisa, na gida sun zuba ido don an ce kada a taɓa. Wani dattijo a Karaye da na sani tun ina yarinya, wanda muke cewa iska ce ta shanye masa hannu, ya zauna ya ba mu nasa yana share ido da hula.

Kada ka ɗauka zagin ubanta ta yi. Rabin littafin yabon aikinsa ne, yadda yake gane karaya da yatsa, yadda yake ciyar da baƙon da ba shi da kowa, mutanen da ya tayar. Na ce mata wannan yabo ya yi yawa, ta ce ita ba ta zo gyara ƙarya da wata ƙarya ba. Amma babi na huɗu nata ne, ba ta ɓoye komai ba: jaki, ɗori, motar Maiyama, kwana uku, da wanda ya fara cewa shan inna. Ta sa wa littafin suna Wanda Ya Gani Ya Kwance.

Ta fara sakin sa kaɗan-kaɗan a zaurukan mata na cikin waya. Kai, ka ga ruwan zagi. Wasu suka ce ta tona asirin gidansu, wasu suka ce boko ne ya ɗebe mata albarka, wata ta ce mai hannu ɗaya dama ba ta rasa ƙunci. Wasu matan kuma suka riƙa kiran ta a ɓoye suna ba ta nasu labarin. Ba ta mai da wa kowa zagi ba, wannan aikina ne, kuma na yi shi yadda ya kamata. Daga baya ta kai wani shagon kwamfuta a Jega aka buga mata kwafi ɗari biyu. Da yake ba ta da rumfa, a tawa aka jera su tsakanin tattasai da daddawa. Duk wanda ya sayi littafin nan na farko zai shaida yana warin daddawa, ban ba kowa haƙuri ba.

Ba a yi sati biyu ba sai ga Muntari a rumfata, ya tarar da mu tare. Bai ko amsa gaisuwata ba. Ya ce a tasha ana nuna shi da baki, wani ya fasa kawo ɗansa, dangi sun zauna sun yanke magana: ko ta janye littafin, ko ta cire babi na huɗu, in ba haka ba kada ta sake taka gidan. Ya ce, "Ko ranar da Baba ya cika, Yaya, ba ki shiga."

Na ga maganar ta soke ta, don Barakatu tana son tsohon nan, son da ni kaina nakan ji haushinsa. Ta gyara jerin littattafan da ba su karkace ba. Sannan ta ce, "Muntari, hannu guda gare ni, da shi na rubuta, ba ni da na gogewa. Ka gaya musu ban cire ko layi. In Baba ya ce da bakinai ƙarya na yi, ni da kaina zan kai su murhun Tukur in ƙone. Amma shi za ya faɗa, ba ku ba."

Ya tafi. Kwana tara ba labari, ta rame, ta daina tsokanata, abin da ya fi komai tayar mini da hankali ke nan. A na goma aka aiko cewa Kawu yana kiran ta, ta zo da littafin. Na rufe rumfa na bi ta, don ba zan bari a taru a kanta ita kaɗai ba.

Da hantsi muka isa. Zauren cike da maza na dangi, Muntari na tsaye jikin ƙofa. Kawu ya ce shi ba ya gani, kuma ya gaji da jin littafi a bakin waɗanda ba su karanta ba, ta karanta masa wurin da ake magana a kai. Ta zauna a gabansa ta buɗe babi na huɗu. Ta karanta jakin, ta karanta jarumar gida ba ta kuka, ta karanta hannun Inna yana kaiwa ga ƙulli yana dawowa. Har marina ta karanta. Ta rufe littafin, ba wanda ya yi tari.

Kawu ya ajiye carbin a kan buzu. Ya ce, "Miƙo hannun."

Ta miƙa hagu, don ita ta saba miƙawa.

Ya ce, "Ba wanga ba."

Ta zare damar ta ɗora a tafinsa. Ya lumshe idon nan da ba ya gani, ya bi hannun da yatsa tun daga gwiwa, a hankali, yadda yake yi wa baƙi. Ya tsaya a inda ƙashin ya haɗe ya ce ƙashi ya kama daidai. Ya gangara inda naman ya bushe, ya daɗe a wurin. Ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ya ce, "Akwai kuskure cikin littafinki."

Na ji Muntari ya sauke numfashi. Ni kuwa na fara tattara zanena, don na yi niyyar in tsohon nan ya ce shan inna, kawu ko ba kawu ba, yau sai Aliero ta ji bakina.

Ya ce, "Kin ce kwana ukku. Kwana huɗu na. Uwarki ta rage min guda." Ya ƙara riƙe hannun. "Na ƙare aikin Maiyama ran na ukku. Na biyo ta Jega, wani attajiri da na ɗora ma ɗa yat tare ni, yay yanka rago, anka tara mutane ana faɗin hannun Sabo ba ya kuskure. Daɗin yabo yar riƙe ni, na kwana. Na san na bar ɗori gida, na san na ɗaure shi da ƙarfi don ina sauri. Da na komo ran na ukku, wa ya sani." Ya juya fuskarsa wajen ƙofa. "Muntari, ba shan inna na ba. Ni na."

Bai saki hannun ba. Ya ce mata, "Ki gyara. Ki sa huɗu."

Barakatu ba ta yi kuka a zauren ba, ni ce na yi mata, da majina da komai. Ita cewa kawai ta yi, "To, Baba." Suka zauna haka, hannunta a cikin nasa, har aka kira azahar. Maza suka zame ɗaya bayan ɗaya ba mai kallon wani. Muntari ya fi wata biyu ba ya gaishe ta, har yanzu ma gaisuwar tasu a tsaye take. Amma matarsa ta gaya mini ya rataye almakashi a ƙusa cikin ɗakin majinyata, kuma in zai yi tafiya yakan nuna wa masu jinya shi. Wasu dangin har gobe ba su yafe mata ba, ita kuma ba ta je neman yafiyar ba.

Washegarin zuwanmu Aliero ta zo rumfata da biro ja. Saura kwafi ɗari da sittin da wani abu. Ta zauna a kan buhun barkono, ta riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya, ta buɗe babi na huɗu, ta danne da dama, ta soke uku ta rubuta huɗu a samansa. A wuri biyar kalmar ta fito a kowane littafi. Rana ta take, gumi na zuba, hagun ta gaji, ba ta ko ci kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Na ce, "Hajiya Hagu, kawo in taya ki, ni ma na yi firamare."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Bari. Hannun da yar rubuta shi ka gyarawa."

Na ajiye mudun da ke hannuna na tsaya ina kallonta. Na ce, "Maimaita in ji. Ashe ke ma ɗiyar gidanku ce."

Biron ya tsaya. Ta dubi littafin, ta dubi hannunta na dama da ke danne da shi. Sannan ta tura mini rabin tulin da gwiwar hannu, ta ce in je wurin mai shago in sayo wani biron, kuma in tabbata ja ne.